Aldi, Lidl ko shagon 'yan Asiya: ina ya kamata kuɗin cefanenka ya tafi a Ingila?

Duk watan Satumba, idan jami'o'in Ingila suka karɓi sababbin ɗalibai, ba a rasa wani ɗan'uwa daga Kano ko Zariya ko Sakkwato da zai ja ni gefe bayan sallar Juma'a ya ce, "Don Allah Malam, ku a ina kuke cefane?" Na san abin da ya kawo tambayar. Ya shiga ƙaramin shagon bakin layinsu, ya ɗauki burodi da madara da ƙwai, ya juya kuɗin zuwa naira a wayarsa, gabansa ya faɗi. Kafin ya zo wurina wani ya riga ya ce masa ya tafi Aldi, wani ya ce Lidl ta fi, wani kuma ya ce ya rabu da su duka ya nufi unguwar Alum Rock da ke nan Birmingham wajen 'yan Pakistan. Kowannensu ya faɗi gaskiya, sai dai rabinta ya faɗa. Shekarun da na yi ina riƙe da cefanen gidana a Birmingham sun nuna mini cewa kanti ɗaya ba ya ɗaukar tukunyar Bahaushe. Akwai kayan da in ka saye su a wani wuri ba a Aldi ko Lidl ba ka yi asara, akwai kuma waɗanda in ka saye su a cikinsu ne ka yi asarar.

Mun taso da jin cewa araha ba ta ado, don haka da yawanmu kan shiga waɗannan kantuna da zargi a zuci. Sauƙin nasu yana da dalili, kuma sanin dalilin shi zai nuna maka abin da za ka ɗauka. Dukkansu na Jamus ne. Aldi ta samo asali daga ƙaramin kasuwancin da iyayen Karl da Theo Albrecht suka fara a birnin Essen a 1913. 'Ya'yan suka karɓe shi bayan yaƙin duniya na biyu, suka raba kasuwancin gida biyu a 1960, sunan kuma an yanko shi ne daga Albrecht Diskont. Reshenta na farko a Birtaniya a nan Birmingham aka buɗe shi, a unguwar Stechford, a 1990. Lidl ta iyalan Schwarz ce, kantinta na farko na rahusa a Ludwigshafen yake tun 1973, ta shigo Birtaniya a 1994. Dabararsu iri ɗaya ce. Babban Tesco na iya ajiye kaya iri dubbai masu yawa, man girki kaɗai ya cika kanta guda. Su kuwa abin da suke ajiyewa bai fi kusan iri dubu biyu ba, kuma mafi yawansa, wajen kashi 90 cikin ɗari a Aldi, da sunan kantin aka yi shi. Wanda ke sayen tumatirin gwangwani iri ɗaya tak don rassa kusan dubu, shi ke yanka wa masana'anta farashi. Ga shi ba sa ɓata lokacin jera kaya, a cikin kwalinsa ake ɗora shi, ma'aikata kaɗan ne, mai karɓar kuɗi kuma hannunsa kamar walƙiya. Lokacin da tsadar abinci ta haura kashi 19 cikin ɗari a Maris ɗin 2023, abin da aka shekara sama da arba'in ba a gani ba a ƙasar, har masu hali sun koma can. Tun a Satumbar 2022 Aldi ta ture Morrisons ta zama ta huɗu a girma cikin manyan kantunan ƙasar.

Daga wannan za ka iya ciro ma'auni da kanka: duk abin da Bature ke ci kullum, kuma ba ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, to a nan ya fi sauƙi. Abin da kuwa mu da 'yan Asiya ke ci da buhu, su kuma suke ɗan taɓawa, a nan ƙaramin ƙulli za ka samu, kuɗinsa kuma na ƙaramin ƙulli.

Bari in fara da inda ba ni da shakka ko kaɗan, wato madara da danginta. Madarar ruwa a gora take zuwa, babbar da aka fi saye tana ɗaukar lita biyu da kusan kwata. Mai shuɗiyar takarda ita ce mai cikakken maiƙo, koriya rabi, ja kuwa an tsame mata maiƙon kusan duka. Mai son shayi mai kauri ya ɗauki shuɗiya. Ta Aldi sunanta Cowbelle, kuma kusan duk ɗan Najeriya da ya gani sai ya tuna madarar gari ta gida, amma ba su haɗa komai ba. Madarar gwangwani irin wadda muke kira Peak suna da tasu, babban gwangwani mai giram 410, kuma a shayi ko kunu ba ta gaza ba. Wanda ya nace sai Peak ɗin kanta zai same ta a shagon 'yan Afirka, ya biya kuɗin suna da na jirgi. Inda suka gaza shi ne madarar gari: wadda ake samu a kantunan Turawa galibi marar maiƙo ce, mai son Nido sai shagon 'yan Asiya.

Sai kindirmo. Duk wanda ke kewar fura da nono, ya nemi yogot ɗin da ba a sa masa sukari ko ɗanɗano ba. Lidl na da na Milbona irin na Girka, a ɗan bokiti mai kilo guda, mai kauri har cokali ya tsaya. Aldi na da na Brooklea. A bakina na Lidl ya fi kusa da kindirmon da aka kwana da shi a ƙwarya, in ka ɗan tsinka shi da madara ko ruwan sanyi. Shi kaɗai ya isa ya kai ni Lidl. Man shanu ma haka. Ka ɗauki bota marar gishiri mai giram 250, uwargida ta narka shi a wuta kaɗan-kaɗan da yankan albasa har ruwan ya ƙone ƙamshi ya tashi, za ta tace kusan giram 200 na soyayyen man shanu da za a zuba a miyar kuka. 'Yan Indiya na sayar da nasu a gwangwani, amma wani haɗin man ganye ne, sai ka karanta. Ƙwai kuwa ba a sa shi a firji a kantunan ƙasar nan, kada hakan ya tsorata ka. Ka duba jan hoton zaki a jikinsa, alamar cewa an yi wa kajin rigakafi. Kwali mai 15 wanda girmansu ya bambanta shi ya fi sauƙi in ka raba kuɗin.

Fulawa, sukari, gishiri, taliya, makaroni, kuskus da hatsin oats na kunun safe, duk ka kwashe su a nan ba tare da dogon tunani ba. Abin lura ɗaya a fulawa: wadda aka rubuta wa "plain" ita ce ta fanke da cincin da ɗanwake, mai "self-raising" an riga an zuba mata sinadarin tashi. Kuma abin da suke kira "cornflour" ba garin masara ba ne, sitaci ne zalla na kaurara miya, ba ya tuwo. Garin masarar tuwo, fari, a shagon 'yan Afirka yake. Garin alkama na funkaso da alkaki da tuwon alkama kuwa shi ne wanda 'yan Asiya ke kira atta, suna sayar da shi buhu mai kilo goma, kuma babu kantin rahusa da zai kama ƙafarsu a nan.

Yanzu ga inda kuɗin gida ke tafiya da gaske: shinkafa da kayan miya.

Aldi da Lidl a leda mai kilo ɗaya suka fi sayar da shinkafa. Ga ɗalibin da ke zaune shi kaɗai a ɗaki, wanda ba shi da mota ba shi da wurin ajiya, wannan ya wadatar, kuma farashin kilonta ba laifi. Ya nemi wadda aka rubuta wa "easy cook", ita ce turararriya irin wadda muka saba da ita a gida, ba ta caɓewa a dafa-duka. Doguwar fara mafi araha tana saurin laushi, wanda aibi ne a shinkafa da miya amma alheri ne a tuwo da waina. Akwai kuma gajera mai danƙo da Turawa ke dafawa da madara, "pudding rice", wadda ta fi kowace kama da shinkafar tuwo, sai dai manyan kantuna sun fi ajiye ta. To amma da zarar gida ya kai mutum huɗu ko biyar, lissafin ya juya. Gidan da ke cin kilo goma a wata ba shi da dalilin sayen leda goma. A shagunan 'yan Asiya na Alum Rock Road ko Coventry Road ko Stratford Road a Birmingham za ka ga buhuna mai kilo biyar, goma, ashirin, na Tolly Boy da Laila da Tilda da sauransu, ga basmati turararriya mai ruwan zinariya da ake kira sella, wadda matanmu da yawa suka koma wa don dafa-dukar biki saboda tsawonta da warwarewarta. Gab da azumi ma Asda da Tesco da Morrisons na unguwannin Musulmi kan karya farashin buhun shinkafa da garin alkama da jarkar mai. Wanda ke da wurin ajiya, lokacin sari ke nan.

Tumatir kuwa nasara ta koma wa kantin rahusa, kuma da tazara. Ɗanyen tumatirin da ake sayarwa a ƙasar nan, musamman da hunturu, ruwa ne ya fi yawa a cikinsa, ba ya ja ba ya kauri, ga tsada. Na gwangwani mai giram 400, wanda galibi daga Italiya yake, an tsinke shi ne bayan ya nuna a rana. Mu a gidanmu wanda aka bari guda-guda muke ɗauka maimakon yankakke, don ya fi nama. Gwangwani biyu, jan tattasai uku, albasa biyu, attaruhu gwargwadon baki, a markaɗa, a bar shi a wuta har tsamin ya mutu mai ya taso sama: miyar da za ta kai kwana uku ke nan. Akwai tataccen markaɗe a kwali da suke kira passata, da kuma mai kauri a matsi kamar man goge baki, wanda shi ne madadin tumatirin leda na gida. Duka ukun sun cancanci saye. Tattasai ma suna da shi, mai ƙararrawa da kuma dogon nan mai tsini wanda ya fi zaƙi ya fi kama da namu. Attaruhu ne ba za ka dogara da su ba. In an samu ma 'yan ƙwayoyi ne a leda haɗe da wasu barkonon. A shagon 'yan Afirka ko 'yan Asiya za ka auna rabin kilo, ka wanke, ka cire hanci, ka jefa a firiza, ya kai ka wata biyu. Albasa in kilo ɗaya kake so ka ɗauka a Aldi ko Lidl. In buhu ne, 'yan Asiya.

Dankalin turawa, karas, kabeji, kokwamba, ayaba, tuffa, lemo, duk suna da kyau kuma da sauƙi. Aldi na zaɓar kayan lambu shida ta rage musu kuɗi, abin da take kira Super 6, Lidl ma na da irin nata na mako. Dankalin Hausa da suke da shi mai ruwan lemo ne a ciki, ya fi namu zaƙi da laushi. Fari irin na gida da doya da agada sai shagon 'yan Afirka. Abu biyu da nake son kowa ya sani saboda miyar taushe: kabewar da suke kira "butternut squash" ta zauna daram a madadin tamu, alayyahon firiza kuma, wanda aka dunƙule ƙwallo-ƙwallo, ya fi ɗanyen leda riba nesa ba kusa ba, don ɗanyen in ya ji wuta leda guda ba ta cika ludayi. Ka haɗa su da markaɗaɗɗiyar gyada ta kwalba, amma ka juya kwalbar ka tabbatar gyada ce kashi ɗari, ba wadda aka zuba wa sukari da mai ba. Ita ce kuma ta kunun gyada. Tsamiyar kunun tana shagon 'yan Indiya a dunƙule, imli suke ce mata.

Tunda na ambaci 'yan Indiya, ga wani abu da ya ɗauke ni lokaci kafin in gano, kuma yana faranta mini rai duk sanda na faɗa wa baƙo: gero da dawa suna nan. Gero shi ne bajra ko bajri, dawa kuma juwar, ana samun tsabarsu da garinsu. Da garin bajri da citta da kanumfari da barkono ake fura a Birmingham, a dama ta da kindirmon Lidl. Waken ƙosai da alala, fari mai baƙin hanci, shi ma a can ya fi sauƙi, a leda mai kilo biyu. Kantin rahusa wake na gwangwani ya fi ajiyewa, dafaffe, wanda ba ya ƙosai. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari na dichlorvos da aka samu a ciki, abin da ya kamata ya dame mu fiye da batun kasuwa, don waken da aka hana Bature shi 'yan'uwanmu ke ci a gida.

Kayan ƙamshi kada ma ka tsaya. 'Yar kwalbar citta ko kori ko masoro ta kanti ba ta wuce giram talatin zuwa arba'in, kuɗinta kaɗan ne a ido, shi ya sa take ruɗi. Dokar ƙasar ta tilasta wa manyan kantuna rubuta farashin kilo ko na giram ɗari a ƙasan farashin kaya, da ƙananan baƙaƙe. Wannan ƙaramin rubutun shi ne mudunka a ƙasar da ba a awo da mudu. A ce kwalba mai giram 40 fam ɗaya ce, to kilo ya kama fam 25 ke nan. Ka riƙe wannan ka je ka duba ledar kamfanin TRS ko East End ko Natco mai giram 400 a shagon 'yan Asiya, za ka ga bambancin da idonka. Kuka, daddawa, kimba, kanwa, kuɓewa busasshiya, manja da dunƙulen Maggi mai tauraro kuwa ba su da madadi, sai shagon 'yan Afirka ko jakar mai zuwa daga gida. Zoɓo ana samunsa har wajen 'yan Jamaika, sorrel suke kiransa.

Man girki yana tsakiya. Abin da aka rubuta wa "vegetable oil" a kantunan nan yawanci man wani tsiro ne mai rawayan fure da ake nomawa a ƙasar, ba shi da wari, yana suya lafiya. Na sunflower ya yi tsada ya kuma yi wuya a 2022 da yaƙin Yukren ya tashi, don ita da Rasha ne manyan masu fitar da shi. Mutum zai zaci jarka mai lita biyar ta shagon 'yan Asiya dole ta fi sauƙi, amma na sha raba kuɗin in ga kwalbar Aldi ko Lidl mai lita ɗaya ta yi daidai da ita ko ta fi ta sauƙi, sai fa lokacin rangwamen azumi. Man gyada na gaske a ƙasar nan kayan marmari ne.

Nama shi ne inda ba na son ɗan'uwa ya bi araha. A rassan Aldi da Lidl da nake zuwa ban ga tambarin halal a kan kaza ko naman sa ko na rago ba, kuma abin da ba a rubuta ba ba na ɗora masa zato. Mahautan Musulmi sun cika garuruwa irin Birmingham da Bradford da Leicester da Manchester da gabashin Landan, manyan kantuna ma a irin waɗannan unguwanni suna da sashen halal. Za ka riƙa ganin tambarin ƙungiyoyi biyu masu tantance halal, HMC da HFA. HMC ba ta amincewa da a sumar da dabba kafin yanka. HFA tana amincewa da wani nau'in sumarwar muddin dabbar na da rai lokacin da aka sa wuƙa. Malamai sun yi magana a kan wannan da kuma kan yankan Ahlul Kitabi, kowa ya tambayi malamin da ya natsu da shi. Ko an ajiye batun addini ma, mahauci ya fi dacewa da tukunyarmu: a wurinsa za ka samu naman tunkiya babba mai ɗanɗano, da kayan ciki, da ƙafar sa, da kai, da tsohuwar kaza mai tauri da ke jure farfesu kamar kazar gida, kuma zai sara maka yadda kake so. Ga masu shirin tahowa: doka ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan madara daga ƙasashe irin Najeriya da Nijar. Kilishi da dambun nama suna ciki, komai kyan naɗinsu.

Kifi ne ke cike wannan giɓin a kantin rahusa. Sadin da tuna da titus na gwangwani, farin kifi na firiza marar ƙaya, da titus mai hayaƙi da ake rufewa a leda, wanda in ka ɓare shi a miyar alayyahu ko fate yana ba da ƙamshi kusa da na banda. Ka dai kauce wa wanda aka tsoma a ƙullin da aka haɗa da giya, suna rubutawa a gaban kwalin. Karfasa da tarwaɗa da titus guda da kansa, shagon 'yan Afirka.

Wannan karatun bayan kwali ya zama ɗabi'a, domin haram a nan ba a nama kaɗai take ɓuya ba. Alewa mai danƙo da yara ke so, da wasu yogot masu ɗanɗano, da kayan zaƙi na firji, sau da yawa akwai gelatin na alade a ciki. Kek da kayan zaƙin Kirsimeti da wasu cakulan akwai giya. Wasu kayan gashi da kitsen alade ake murza su. Hanya mafi sauri ita ce neman rubutun "suitable for vegetarians", wanda ke kawar da batun alade da kitse, amma ba ya kawar da giya, sai ka ƙara duba jerin kayan haɗin. Dunƙulen miya mai ɗanɗanon kaza ko sa shi ma ka bar shi ka ɗauki na ganye. Cukuwi irin cheddar yawanci ba matsala, amma Parmigiano da Grana Padano dole da sinadarin cikin ɗan maraƙi ake yin su. Da ka kiyaye wannan, biskit da cakulan ɗinsu na da kyau ƙwarai, Moser Roth na Aldi da J.D. Gross na Lidl ba sa jin kunyar tsayawa kusa da masu tsada, kuma su ne tsarabar da nake kai wa gida.

To tsakanin su biyun fa? Ƙungiyar kare masu sayayya ta Which? tana gwada kwandon kaya iri ɗaya a manyan kantuna duk wata. Lidl ce ta zo mafi sauƙi a 2020, Aldi ta karɓe a 2021, 2022, 2023 da 2024, amma tazarar da ke tsakaninsu ƙarama ce ƙwarai, sau da yawa ba ta kai kuɗin bas na zuwa da dawowa ba. Don haka wanda ya fi kusa da ƙofarka shi ne naka. In duka biyun suna kusa, ga yadda nake rarrabe su. Lidl na da gidan burodi a cikin kanti, ana gasawa ana fitarwa da zafinsa, abin da yawancin rassan Aldi ba su da shi. Ka dai lura da masu naman alade da ake jerawa a gefe. Tana da manhajar waya, Lidl Plus, mai ba da rangwame ga wanda ke yawan saye, tana da gyaɗa da yazawa da busassun 'ya'yan itace na Alesto masu kyau, kuma da safe takan fitar da kwalin kayan lambu da suka ɗan kwana, kusan kilo biyar, wanda aka fara sayarwa fam ɗaya da rabi. Wanda ya yi sammako shi ke samu. Aldi ba ta neman ka da manhaja ko kati, farashin da ka gani shi kowa ke biya, kuma masu jarirai sun yarda da kunzugunta na Mamia. Ganyen shayi kuwa, Diplomat na Aldi da Knightsbridge na Lidl, duka suna da ƙarfi, wanda ya saba da Lipton zai ga sun fi shi baƙi. Wanda kuma Tesco ko Sainsbury's ce kawai a kusa da shi, ya nemi kayan da aka liƙa wa alamar daidaita farashi da Aldi, yawanci madara da taliya da kayan lambu na ciki.

Kayan da ranarsu ta gabato ana manna musu sitikar ragi, daga kashi 30 cikin ɗari, a Aldi har yakan kai 75 a ranar ƙarshe. Rubutu biyu ne a jikin kaya kuma ba ɗaya suke ba. "Use by" na lafiya ne, ana sa shi a kifi da nama da makamantansu, in ranar ta wuce a bar shi, sai dai in an daskarar kafin ta cika. "Best before" na inganci ne kawai, burodi ko biskit ko shinkafa ba sa zama guba don ranar ta gota. Burodin ragi in ka sa a firiza yana yin makonni. Layin tsakiyar kanti, inda ake zuba tukwane da barguna da na'urar markaɗe sau biyu a mako, yana da amfani sosai ga wanda ya sauka da akwati biyu yana haɗa gida, amma bayan nan shi ne ke cinye abin da ka tara a tumatir da madara. In ba ka rubuto shi daga gida ba, ka wuce.

Ɗalibi shi kaɗai zai iya yin kusan duk cefanensa na mako a Aldi ko Lidl, ya ware rana ɗaya a wata ya je wajen mahauci da shagon 'yan Asiya, ya raba naman ƙulli-ƙulli a firiza. Mai iyali zai fi samun sauƙi in ya juya tsarin: buhu da jarka da nama da kayan ƙamshi sau ɗaya a wata, madara da ƙwai da burodi da kayan lambu duk mako. Waɗanda karatu ya kai ƙananan garuruwan da babu mahaucin Musulmi, na ga suna haɗa kuɗin mota su uku ko huɗu su shigo babban gari da kula mai ƙanƙara, wasu kuma su yi oda ta intanet a kawo musu a sanyaye. Ranar da za ka fara zuwa, ka tafi da jakunkunanka don leda kuɗi ce, ka riƙe tsabar fam ɗaya ta cire keken zuba kaya, za ta dawo maka in ka mayar da shi. Wajen biya ba a tsayawa shirya kaya a gaban mai karɓar kuɗi, a keke ake mayarwa a je kan dogon bencin da ke gefe a shirya. Ranar Lahadi kuma manyan kantuna a Ingila da Wales awa shida kawai doka ta ba su, yawancinsu ƙarfe huɗu na yamma sun rufe, amma shagunan Alum Rock da Coventry Road da yawa suna nan a buɗe har bayan Isha'i.